Citta Ba Koko Ba Ce: Mun Karanta Takardar Matasanmu

Tun bayan ƙaramar Sallah wata takarda take yawo a unguwar nan. Wasu a waya suka same ta, wasu a ƙofar masallaci aka miƙa musu ita a buge, mu kuwa har inda muke haɗa wannan mujalla aka kawo mana, tare da roƙon mu sa albarka. Matasanmu ne suka rubuta ta, su biyar, uku sun gama jami'a biyu suna kan hanya. Ba za mu kama sunan kowa ba, iyayensu duk mun san su, kuma takardar ce a gabanmu.

Ga abin da take cewa a taƙaice. A ƙasashen da ake noman koko, musamman Gana da Birazil, manoma sun mai da gonakinsu wurin yawon buɗe ido. Baƙo zai biya kuɗi a zaga da shi, a fasa masa ɗan koko ya tsotsa, ya ga yadda ake shanya, ya sayi cakulan, ya kwana, ya ci abinci. To mu ma ga citta Allah ya ba mu, ga Dutsen Kagoro, ga ruwan Matsirga, ga Nok. Don haka a kafa kamfani, duk mai shago da mai sito a unguwa ya zuba hannun jari, a sayi bas biyu, a kama babban gida haya a mai da shi masauki, a riƙa ɗauko baƙi daga Abuja da Jos ana kai su gonakin citta.

Kokon da ake magana fa wanda ake cakulan da shi ne. Mun faɗi haka ne domin da aka karanta wa wani dattijonmu shafin farko, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya tambaya wane mara aikin yi ne zai taso tun daga Turai don ya kalli koko da ƙosai.

Mun karanta takardar sau biyu, kuma tun farko mu ce yaran nan sun yi abin a yaba. Ba su ce a jira gwamnati ba. Ba su ce a tara kuɗi a yi wa wani biza ba. Sun dubi garin da aka haife su suna neman abin da za a ci a cikinsa, kuma sun gane abu ɗaya da manya da yawa ba su gane ba: cittarmu tana fita daga nan a tsage a bushe cikin buhu, ribar gaske kuwa a can inda ake niƙa ta a tace manta a sa a kwalba ake cin ta. Wannan gaskiya ne. Amma takardar tana neman kuɗin mutane, kuma mutanen da cutar citta ta 2023 ta riga ta karya wa jari. Wanda ya ce a zuba kuɗi dole ya yarda a juya maganarsa ciki da bai.

Mu fara da misalan da suka kawo, tunda a kansu aka ɗora ginin. Gonar da ake kai baƙi a Gana tana Mampong, a kan tsaunukan Akuwapem. Ita ce gonar Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya dasa a 1879. Wato abin da baƙo yake zuwa gani shi ne inda arzikin ƙasa guda ya faro. Wurin kuma tafiyar ɗan lokaci ce daga Akra, kusa da lambun Aburi da mutane suka saba zuwa shaƙatawa tun zamanin Turawa. Gwamnatinsu har ranar 14 ga Fabrairu ta mai da ranar cakulan. Duk da haka, ku tambayi duk wanda yake da dangi a zangon Kumasi: manomin koko na Asante da awon buhunsa yake ci da iyalinsa, bai taɓa ganin kuɗin ɗan yawon buɗe ido ba. Kakanninmu da suka yi leburanci a gonakin nan kafin Busia ya kori baƙi a 1969 ma shaida ne.

Na Birazil ya fi kama da namu, kuma abin mamaki shi ne ɓangaren da ya yi kamar ne takardar ta tsallake. Yankin Ilhéus a kudancin jihar Bahia ya yi zamani yana cikin manyan masu sayar wa duniya koko. A 1989 wata cuta ta ɓulla, wadda suke kira tsintsiyar mayu, kuma cikin shekara 10 abin da suke girba bai kai rabin na da ba. Dubban leburori suka bar gonaki suka cika bayan gari. Bayan wannan faɗuwa ne wasu masu manyan gonaki suka buɗe ƙofa ga baƙi, suka fara yin cakulan da kansu. Ku lura da su wane ne: masu manyan gonaki, masu tsofaffin gidajen bene a cikin gonar, masu sauran abin da za su jingina. Leburan da aka sallama ba da shi aka yi wannan rabo ba. Sannan Ilhéus gari ne na bakin teku, yana da filin jirgin sama, yana da marubucin da ya sa duniya ta san sunansa, Jorge Amado. Baƙon don teku ya zo. Gonar koko ya ɗan leƙa ne da hantsi kafin ya koma ruwa.

Ko a gida Najeriya haka tsarin yake. Benen Cocoa House na Badun, mai hawa 26, an gama shi a 1965 da kuɗin koko. Kuɗin noma ne ya fara zama a ƙasar ya gina abin kallo, daga baya masu kallo suka zo. Mu fa? Masana'antar citta da gwamnatin jiha ta kafa a Kachia ta shafe shekaru a kwance, kowane ɗan takara ya zo ya yi alkawarin tada ta ya wuce. Da ace matasanmu sun nemi misalin da ya fi kusa da mu, da Zanzibar suka duba, inda ake zaga baƙi gonakin kayan yaji, kanumfari da kirfa da masoro da ita kanta cittar. Amma can ɗin ma teku ne da tsohon gari suke kawo mutum. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Sai kuma abin da duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai fara faɗa. Koko itace ne. Yana tsaye shekara da shekaru, a inuwa, 'ya'yansa manne a jikin kututture, ja da rawaya, kowane wata ka je akwai abin nunawa. Citta a ƙarƙashin ƙasa take. A watan Afrilu zuwa Mayu a dasa, a lulluɓe da ganye da ciyawa. Wanda ya zo a lokacin tarin ciyawa zai gani. Da damina ta yi nisa ganye ne kore iya gwiwa zuwa ƙugu. Abin kallo na gaske sai kaka ta yi, daga Oktoba zuwa cikin hunturu, lokacin da ake tono, mata su zauna rukuni-rukuni suna tsagawa da wuƙa, a baje ta a kan fa da bakin kwalta, ƙamshi ya cika hanya tun daga Kwoi har Kachia. Wallahi wannan abin gani ne, ba mu musa ba. Amma wata uku ne zuwa huɗu a shekara, kuma su ne watannin da manomi ba shi da lokacin ko gaisawa mai tsawo. Bas biyu da gidan haya kuwa wata 12 suke cin kuɗi. Takardar ta yi jadawalin baƙin da za su riƙa zuwa kowane wata, daidai wa daida tun daga Janairu har Disamba, ba ta faɗi inda ta samo adadin ba.

Wani ƙaramin abu da ya ba mu haushi: a duk shafukan ba a ambaci Tafin Giwa ko Yatsun Biri ba. Waɗannan su ne irin citta biyu da ake nomawa a ƙasar nan, mai kauri mai rawaya da siririya mai duhu, kuma da sunayen nan na Hausa har masu bincike suke kiran su a littattafansu. Wanda zai tsaya gaban baƙo ya yi masa bayanin citta ya kamata a ce ya iya bambance su a tafin hannu.

Yanzu ga babbar magana. A daminar 2023 ganyen citta ya fara rawaya a Kachia da Kagarko da Jaba da maƙwabtansu, aka tona aka tarar ta ruɓe. Gwamnatin tarayya da bakinta ta ce asarar ta kai naira biliyan 12, daga baya aka sanar da tallafin naira biliyan 1.6. Mu a nan ba sai an karanta mana adadi ba. Mun ga sito a rufe, mun ga masu dako suna zaune a gindin mangwaro har azahar, mun ga matan da suke tsince citta a biya su da yamma sun koma wankau. Mun san waɗanda suka ba da kuɗi tun bazara suna jiran kaka, kakar ta zo babu ko tiya. Farashin buhu ya ninka sau da yawa, amma me tsada za ta yi wa wanda ba shi da kaya?

Takardar ta ba wannan masifa layi biyu, ta ce ma wai dalili ne na a nemi wata hanyar samu. To, a ina za a kai baƙon? Citta ba ta da ƙwaya da za a adana a kwalba. Ita kanta ake gutsurawa a dasa. In ta kamu, iri ya kamu. Manomin da ya tsira da 'yar gona mai lafiya yau yana tsaron ta kamar jariri, domin irin wannan ruɓa a jikin iri take tafiya, da ruwan da yake gangara daga gona zuwa gona, da ƙasar da take maƙale a fartanya da takalmi. Ku ɗauki mutum 18 a bas, ku shiga da su gonar farko a Kubacha, ku fito ku shiga ta biyu a Kwoi da takalman nan dai. In gonar biyu ta ruɓe bayan wata guda, ko ba ku ne sila ba, wa za a ce ya kawo? Kuma me za a ce a kasuwa ran nan? Ba za a ce kamfani kaza ba ne. Cewa za a yi Hausawan Kafanchan ne. Duk wanda ya kwana biyu a garin nan ya san inda irin wannan magana take iya kaiwa.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace yawa a takardar, wato "namu". Gonakinmu, dutsenmu, ruwanmu. Mu fahimci juna a nan, don magana ce mai ƙaiƙayi. Mu 'yan garin nan ne. Jama'a tana da sarki tun tana Daroro, shekara 200 da suka wuce, kafin a dawo da fada nan a zamanin Turawa. Wasunmu kuma jirgi ne ya kawo kakanninsu da aka haɗa layin dogo a wajajen 1927, suka zauna tare da Ibo da Yarbawa da mutanen Fantswam da suka tarar. An binne mana iyaye da kakanni a nan, kuma duk wanda ya kira mu baƙi za mu amsa masa. Amma zama ɗan gari ba ya mai da gonar wani taka. Mafi yawan cittar nan Ham ne suke noma ta, mutanen da muka saba kira Jaba, da Bajju da Adara da Koro da Gwong da sauransu. Akwai namu masu gona, ba mu manta ba, amma tsiraru ne. Dutsen Kagoro na mutanen Kagoro ne. A kansa kakanninsu suka zauna, kuma bikin Afan da suke yi ran 1 ga Janairu ba wasan kwaikwayo ba ne da aka shirya don baƙi. Haka Tuk-Ham a Kwoi. Takardar ta jera bukukuwan nan a cikin kayan da kamfani zai sayar, ba tare da layi ɗaya da ya nuna an je an gai da Kpop Ham ko Sarkin Kagoro ko Agwam Fantswam ba, balle a zauna da ƙungiyar manoma. Ai wannan cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma tsohon ƙorafi da ba ma son ji. Ka tsaya da manomi a Kwoi ka tambaye shi wa ya ci ribar cittarsa shekara da shekaru, ba Ba'indiye zai nuna maka ba, don bai taɓa ganinsa ba. Dillalin da ya zo da mota zai nuna. Yau dillalan nan akwai Ham a ciki, akwai Ibo, amma a bakin mutane har yanzu fuskar Bahaushe ce. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba duk ƙorafin ne ƙage ba. An yi ba-da-kaka mai yanka wuya. An yi buhun da ake dannawa har sai ya yi kunne. An yi haɗa baki a karya farashi ranar da aka san makaranta za ta koma. Ba kowa ba, Allah ya sani akwai alhazan da manoma suke kawo wa doya har gida don amana, amma an yi. To in yanzu muka dawo da bas muka ce bayan cittar ma kallon mai noman za mu sayar, mu karɓi kuɗin a Kafanchan, mu ba shi na goro, me muka gyara?

Sunan Matsirga ma haka aka rubuta shi kamar a kalanda: ruwa yana zubowa daga kan fa, bakan gizo, wurin cin abinci a ciyawa. Ruwan yana da kyau, da yawanmu can muka yi yawon Sallah muna yara. Amma a unguwar nan akwai gidajen da daga Matsirga da Zonkwa suka taso a watan Afrilun 2011, da kayan jikinsu kaɗai, kuma har yau wasu ba su sake taka garin ba. A ɗaya ɓangaren ma akwai masu irin wannan tabo, waɗanda ba sa shigowa layinmu bayan magariba, da ƙauyukan Kagoro da aka kwana ana binne mutane a 2022. Kasuwar da ta haɗa mu ta ƙone a 2011, ciniki ya rabu biyu. Matasan da suka rubuta takardar nan suna firamare a lokacin, ba mu zarge su da mantuwa ba. Sai dai wanda zai sa kuɗinsa bai manta ba. A ran 23 ga Maris 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan, kafin shekarar ta fita an sa mana dokar hana fita ba dare ba rana. Alhamdulillahi an samu sauƙi sosai a 'yan shekarun nan, Allah ya ɗorar. Amma lafiyar da ta ishe mu mu buɗe shago ba lallai ta ishi mutumin Abuja ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa ba.

Shi baƙo abin da ya ji a rediyo yake riƙewa. Ya ji cewa a Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu masu binciken kayan Nok a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu. Ya ji cewa a Afrilun 2019 an kai hari gidan dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina, wurin da yake karɓar masu yawon buɗe ido, aka kashe wata Baturiyar Ingila da wani ɗan Najeriya. Ya ji labarin jirgin Abuja na 28 ga Maris 2022. Takarda mai neman jarin jama'a da ba ta da shafi ɗaya a kan tsaro, ba ta gama rubutuwa ba.

Jirgi kuwa ba sai mun daɗe ba. An ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, har yau bai iso mu ba. Ku je tasha ku ga ciyawa.

Batun Nok ne kaɗai muka so a ce sun ƙara zurfafawa, don a nan suna da gaskiya fiye da yadda suka sani. Kan yumɓun nan da ya buɗe wa duniya ido, wanda masana suke kira Kan Jama'a, a ramin kuza na ƙasar nan aka tono shi. Wanda ya same shi ya kai gonar doyarsa ya kafa a kan mutum-mutumi yana korar tsuntsaye, har ya kai hannun Bernard Fagg a 1943, ya ga ya yi kama da wanda aka tsinta a Nok a 1928. Kayan nan sun haura shekara 2,000. An nuna su a Faris, an nuna su a Frankfurt a 2013, mutane suka yi layi suka biya kuɗi. Ɗan makarantar Kafanchan kuwa sai dai ya gan su a bangon littafi. Mun san akwai malamanmu da za su ce gumaka ne, kuma muna girmama su. Amma kai yaro ya ga abin da mutanen da suka yi da hannunsu ba bauta ba ce, Alƙur'ani ma ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Kafin a nemo Bature, a fara da 'yan aji shida na makarantun unguwar nan. Mota ɗaya ta haya ta isa, kuma Nok ba nisa.

To shi ke nan, a yaga takardar? A'a. Kuskurenta shi ne ta tafi neman baƙon da bai zo ba, ta tsallake wanda yake kwance a kan benci a tasha. Mene ne zango tun asali in ba masaukin fatake ba? Sana'ar kakanninmu ke nan daga Salaga har Sabon Badun: baƙo ya sauka, a ba shi ɗaki, a adana masa kaya, a haɗa shi da mai sayarwa, a tsaya masa shaida, a karɓi la'ada. Kowace kaka masu sayen citta suna zuwa daga Dawanau da Legas da Anacha, wasu da wakilan kamfanonin waje. Suna yin mako biyu, uku, suna neman ɗaki mai tsabta, ruwan wanka, sito mai makulli, sikelin da ba a taɓa ba, da wanda zai raka su ƙauye ya dawo da su lafiya. Kowace Disamba 'yan kudancin Kaduna na Abuja da Legas da ƙasashen waje suna dawowa gida, ɗakin kwana ya yi wuya daga nan har Kagoro, kuma duk wanda zai koma yana neman tsaraba. Ga ɗaliban reshen jami'ar jiha da na Gidan Waya da iyayensu. A 2025 an amince da asibitin tarayya a nan Kafanchan da jami'ar tarayya a Kachia. Masu jinya da masu kawo yara makaranta su ma baƙi ne, kuma ba sa jiran kaka.

Tsarabar ita ce inda matan unguwar nan suka riga matasanmu nisa, ba tare da takarda ba. Garin citta, yajin jego, yajin tsire, haɗin shayi da kanumfari da masoro, lemun citta, zoɓo. Suna yi a turmi da injin markaɗe, suna ƙullawa a leda, ba suna ba lamba. Rabin kuɗin bas ɗaya zai sayi injin niƙa na bakin ƙarfe mara tsatsa, da na liƙe leda, a gyara ɗaki guda yadda hukumar NAFDAC za ta yarda ta ba da lamba. Wannan shi ne darasin Ilhéus na gaske in ana son darasi: waɗanda suka farfaɗo su ne waɗanda suka daina sayar da ɗanyen kaya kaɗai. A takardar an ambaci mata sau ɗaya, a matsayin masu dafa wa baƙi abinci.

In kuma har ana son a kai wani gona, to gonar ta zama ta mai ita. Manomi ko ƙungiyarsu su ware fili guda na nuni, dabam da inda suke ajiye iri, su sa farashinsu, su karɓi kuɗinsu da hannunsu, ɗansu ya yi bayani. Namu shi ne mota da masauki da abinci da tsaraba. In an zo kallon hawan Sallah na Sarkin Jama'a mu ne masu gida, su kawo nasu baƙin. In Afan ne ko Tuk-Ham su ne masu gida, mu je a matsayin waɗanda aka gayyata. Kamfanin da za a kafa kuwa, in duk masu hannun jarinsa daga layi uku na unguwar nan suka fito, mu dai ba za mu ba kowa shawarar ya sa sisinsa ba.

Mun kira biyu daga cikin marubutan mun faɗa musu duk wannan baki da baki kafin mu buga, don kada su fara gani a takarda. Ɗaya ya ji zafi, ya ce manya kullum haka suke, a kawo abu su kashe. Muna fahimtarsa, mu ma an yi mana. Ɗayan ya yi shiru yana rubutawa, a ƙarshe ya tambaya wa zai iya haɗa su da shugabannin manoma a Kwoi. Mun ba shi sunan mutum biyu a unguwar nan da suka shekara 30 suna sayen citta a can ba a taɓa kai su gaban mai unguwa ba. Mun kuma yi musu alkawarin shafi biyu a fitowa ta gaba su mayar mana da martani, ba za mu taɓa ko waƙafi ba.

Wani Alhaji mai sito kusa da tasha, da ya ji yadda muka yi da su, ya aiko a gaya musu yana da ɗaki biyu a bayan sitonsa, zai ba su kyauta daga Nuwamba zuwa Janairu su gwada saukar da masu sayen citta, su rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita su kawo wa jama'a. Bas kuwa, ya ce a bari tukuna sai an ga wanda za a ɗauka.